Wani abu yana cinye mini kaji, maigida ya ce a sa guba

Tambaya

Assalamu alaikum. Ina kiwon kaji a bayan gida, guda 14 ne har da 'yan tsaki, amma cikin wata ɗaya kaji shida sun tafi. Na kewaye su da ragar nan ta kaji mai ido mai kusurwa shida, tsayinta ya kai ƙirjina, sama a buɗe yake. 'Yan tsaki biyu da rana tsaka suka ɓace, ko gashi ban gani ba. Wata safiya na tarar da dakwale uku a mace cikin akurki, an cije su a wuya, ɗaya babu kai, ga wani ɗan rami a gindin ragar. Ta shidan ba ta son kwana a ciki, ita ma ba a sake ganinta ba. Ƙwai kuma yana raguwa. Maigidana ya ce ko dai a sa guba ko a sayar da sauran a huta. Ni kuma karen maƙwabcinmu nake zargi, har gaisuwa ta fara sanyi tsakanina da matarsa. 'Yata ce take ba su abinci, tun ranar take kuka tana cewa laifinta ne. Me zan yi?

Wata mai kiwon kaji

Amsa

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya mayar miki da alheri. Wanda bai taɓa kiwo ba zai ce ai kaji ne kawai, amma wanda ya reni ɗan tsako tun yana ƙwai ya san zafin buɗe akurki da safe a tarar da abin da kika tarar. Ina jajanta miki, ke da yarinyar.

Maganar guba a ajiye ta, zan faɗi dalili a gaba. Sayarwa ma ban ga lokacinta ba tukuna. Abin da na karanta a wasiƙarki shi ne ɓarayinki sun fi ɗaya, kuma kowanne da hanyar da yake bi: wani ta sama, wani ta ƙarƙashin ƙasa, wani ta cikin idon ragar kanta. Ko kin kashe ɗaya, hanyar tana nan a buɗe, wani zai biyo ta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Saboda haka aikin da ke gabanki aikin toshe kafa ne, kuma ya fi ƙarfin abin da ragar da kika sa za ta iya.

Mu fara da abin da ɓarnar ta nuna. Ɗan tsakon da ya ɓace da rana ba jini ba gashi, a fili mara rufi, yawanci shirwa ce ko shaho, wani lokaci kyanwa ko hankaka. Shirwa ba ta cika iya ɗaukar babbar kaza ba, amma ɗan tsako da sura ɗaya ta tafi da shi. Shaho idan ya kashe babba yakan fige ta a wurin, sai ki ga tarin gashi a gefe guda. Dakwalen da aka cije a wuya cikin dare, aka kashe fiye da abin da aka ci, aka cire kan ɗaya, wannan ya fi kama da aikin ƙananan dabbobi masu siririn jiki irin su tunku, ko muzuru. Idan suka shiga wurin da kaji ba su da mafita, fuffukar kajin tana ƙara zuga su, sai su yi ta kisa. Ita kuwa wadda ke kwana a waje, duk wanda ya wuce zai iya ɗauka, dila ne ko mujiya. Ƙwai idan ya ɓace ba ɓawo, ki tuna da maciji ko guza ko gafiya. Idan kuma kina tarar da ɓawo a fashe da danshin gwaiduwa a wurin saka, to ki sa ido kan kajin da kansu, domin akwai waɗanda ke koyon shan ƙwai.

Kare ba haka yake ɓarna ba. Kare yana da hayaniya: yakan yaga raga ko ya danne ta, ya bi kaji da gudu, ya cije su a baya da cinya, ya bar gawarwaki a warwatse ko'ina da gashi. Ramin da yake tonawa babba ne, sai ƙirjinsa ya wuce. Ki je ki auna ramin nan naki. In dunƙulen hannu ne kawai zai shiga, to ba kare ba ne ya bi ta nan. Akwai kuma hanya mai sauƙi ta tabbatarwa: da almuru ki share gindin shingen, ki barbaɗa toka ko lallausan yashi kewaye da shi, da sassafe ki duba sawu kafin kowa ya taka. Sawun kare da dila yana nuna alamar farce a gaban kowane yatsa, na kyanwa da muzuru ba ya nunawa saboda suna janye farcensu idan suna tafiya. Ɓera yakan bar layin jela tsakanin sawunsa, maciji kuwa jan ciki za ki gani. Kwana biyu ko uku a jere sun isa ki san baƙinki.

Ina roƙonki ki mayar da gaisuwarki da maƙwabciyarki yadda take tun yau. Ba ki ga karen da idonki ba, kuma alamun da kika lissafa ba su nuna shi ba. In toka ta nuna shi ɗin ne, sai maigidanki ya sami maƙwabcin cikin mutunci, ya kira shi ya ga sawun, a roƙe shi ya riƙa ɗaure karen da dare. Ko a lokacin ma gyaran shinge yana kanki, domin ba shi kaɗai ne kare a duniya ba.

Yanzu ragar. A nan ne mafi yawan masu kiwo suke ruɗuwa, kuma ba sakaci ba ne, domin a kasuwa ma da sunan ragar kaji ake sayar da ita. An yi ta ne don ta hana kaji fita. Wayarta siririya ce, murɗa ta aka yi ba walda ba, kare ko dila zai iya ja da haƙori har idon ya buɗe. Idon nata kuma yakan kai santimita 2.5 zuwa 5, alhali tunku ƙarami da ɓera da maciji duk inda kansu ya shiga jikinsu zai bi. Ɓera babba yana wucewa ta kafar da ba ta fi santimita 2 ba. Wata dabbar ma ba sai ta shiga ba: ta zura hannu ta idon, ta kamo kazar da ta jingina da raga, ta ci abin da ta samu.

Abin da za ki nema shi ne ragar waya mai walda, mai ido murabba'i, wadda faɗin idonta bai wuce santimita 1.3 ba, wato rabin inci. Kaurin wayar ya kai milimita 1 ko fiye, kuma ta zama irin wadda aka shafe da sinadarin hana tsatsa, tunda wani sashenta a ƙasa zai kwana. Ki gwada ta a hannu kafin ki biya: in kika iya buɗa idon da yatsunki, haƙori ma zai buɗa. Ta fi waccan tsada, ba na musu. In kuɗi ba su kai a kewaye ko'ina da ita ba, a sa ta a duk tagogi da kafofin akurki, sannan daga ƙasa zuwa tsayin mita 1 na shingen. Daga nan zuwa sama a iya amfani da wata raga mai ƙarfi ko da idonta ya fi faɗi. Tsohuwar ragar kada ki yar, za ta yi amfani a rufin sama ko wajen raba 'yan tsaki da manya a ciki.

Yadda aka kafa ta ma abin dubawa ne. Raga mai kyau da aka maƙala da ƙananan ƙusoshi, turi ɗaya take ɓallewa. Ki ce wa kafinta ya ɗaura ta da sukuru da washa kusa da kusa, ko ya danne bakinta da siririn katako ya buga ƙusa ta kansa. Inda raga biyu suka haɗu a ɗora ɗaya kan ɗaya kamar santimita 10, a ɗinke su da waya. Dirkokin su shiga ƙasa sosai, in na katako ne a yi musu maganin gara.

Sai ƙasa, inda ramin nan ya ɓullo. Nan nake so ki fi ba da ƙarfi, domin shi ne wurin da ido ba ya zuwa. Hanya biyu ce. Ta farko a tona kwari mai zurfin santimita 30 a bin gindin shingen, a saukar da ragar ciki, a lanƙwasa ƙarshenta ya fuskanci waje, a mayar da ƙasa a daddale. Ta biyu, wadda ni na fi so saboda ba ta da wahalar tono kuma tana yiwuwa ko a ƙasa mai duwatsu ko saiwoyi, ita ce a shimfiɗa ragar a kwance a kan ƙasa ta wajen shingen, faɗin santimita 50 zuwa 60, a ɗinke bakinta da gindin shingen, a kafe ta da turaku, a rufe da ƙasa ko tsakuwa ko duwatsu. Dalilin da ya sa take aiki shi ne dabba mai tono a gindin shinge take farawa, dab da abin da ya tare ta. Da ta fara sai farcenta ya ci karo da waya, ta matsa gefe ta sake, ta sake cin karo, har ta haƙura. Ba ta cika ja da baya rabin mita ta faro daga nesa ba. A kula da kusurwoyi, a nan ake barin giɓi. A kula kuma da ƙarƙashin ƙofa, domin shiga da fita yana zaizaye ƙasar wurin har ta zama kwari. A yi masa dandamali na bulo ko siminti yadda ƙyaure zai zauna a kai ba rata.

Tsayi kuwa, shinge mai kai ƙirji wasa ne ga dila da muzuru. A kai shi mita 1.8, wanda zai ba ki damar shiga ki yi shara ba tare da sunkuyo ba. Amma tsayi kaɗai ba ya hana mai hawa, kuma ba ya hana mai fiffike. Rufi ne maganin duka biyun. Wani sashe a sa kwano don inuwa da ruwan sama, sauran a sa raga. Ragar zare mai araha tana tare shirwa da shaho, sai dai muzuru zai yaga ta, don haka amfaninta na rana ne kawai. Rufin yana da wata fa'ida da ba a cika ambata ba: yana rage cuɗanyar kajinki da tsuntsayen daji da kashinsu, wanda hanya ce ta yaɗuwar murar tsuntsaye. In filin ya yi girman da ba za a iya rufe shi duka ba, a lanƙwasa saman shingen zuwa waje kamar santimita 30 zuwa 45 don mai hawa ya rasa mariƙa, a ja igiyoyi a gicciye ta sama, a kuma ajiye 'yan rumfuna gajeru da kaji za su faɗa ƙarƙashinsu idan zakara ya yi kukan gargaɗi. A sare duk reshen da ya leƙo kan shingen, a janye itace ko ganga ko tarkacen da aka jingina da shi. 'Yan tsaki kuwa kada su taɓa fita fili mara rufi sai sun yi gashi sun girma.

Mutum-mutumi da ƙyalle mai walƙiya da makamantansu suna aiki na ɗan lokaci, daga baya tsuntsu ya gane ba komai ba ne. Zakara da zabi suna da amfani wajen ƙararrawa, amma ƙara ba ta hana kisa.

Duk da wannan dogon bayani kan shinge, abin da ya fi gaggawa shi ne ɗakin kwana. Kaza ba ta gani sosai a duhu. Da dare ya yi sai ta lafe a kan sandarta, ko an taɓa ta da ƙyar take motsi, shi ya sa dabba ɗaya take iya gamawa da uku ko goma a dare guda. Akurki dole ya zama wurin da ake rufewa ruf, mai daɓen siminti ko katako mai ƙarfi, ko wanda aka shimfiɗa wa raga a ƙarƙashi. Ga yadda za ki gwada shi: da rana ki shiga ko ki leƙa ciki a rufe ƙofa, ki duba duk inda haske yake shigowa. Da dare kuma ki ajiye tocila a kunne a ciki, ki zagaya ta waje. Duk kafar da babban yatsanki ya shiga, a toshe ta. Ki duba musamman tsakanin bango da kwano, inda kwaruruwan kwano suke barin ƙofofi a jere. Kada dai tsoro ya sa ki like ko'ina. Kaji suna buƙatar iska, in aka toshe su warin kashinsu yana taruwa ya taɓa musu numfashi da ido, zafi ma yana kashe su. A bar tagogi a sama, a rufe su da ragar mai walda. Ƙofa kuma ta sami sakata ta gaske, a rataya mata kwado ko ƙugiya, ba igiya ko dutsen tokara ba.

Rufewa da almuru, kullum, ba fashi. A ƙirga su kafin a rufe, a haska ciki a tabbatar babu wani abin da ya riga su shiga. Da safe kada a buɗe sai gari ya waye sosai, domin asuba lokacin farauta ce. Kazar da ta saba kwana a waje ana iya canja mata hali: a tsare su duka a akurki da shingensa na kamar mako guda, a riƙa ba su ɗan abinci a ciki da yamma, za su koyi komawa da kansu.

Akwai kuma abin da yake gayyato baƙin tun farko. Abincin da ya zube ya kwana yana jawo ɓera, ɓera kuma yana jawo maciji da muzuru. A ɗauke kwanon abinci da dare, a adana buhu cikin mazubin ƙarfe mai murfi, a kwashe ƙwai kullum kafin yamma, a nome ciyawar da ke kewaye da shinge ta yadda ba maɓoya. Gawar kaza a binne ta da zurfi nesa da wurin, ko a ƙone.

Ga dalilina kan guba, ki isar wa maigida. Guba ba ta zaɓen wanda za ta kashe. Kaza tana tsattsagar duk abin da ta gani, ga yarinya tana shiga wurin kullum, ga dabbobin mutane. Mafi yawan maganin ɓera ba nan take yake kisa ba, sai bayan kwanaki, ɓeran yana yawo da gubar a jikinsa. Duk wanda ya ci shi, kaza ce ko kyanwa ko mujiya, ya ɗauka, kuma kazar da ta ci tana iya fitar da ragowarsa cikin ƙwan da za ku ci. Mujiya da shaho da ake jin haushinsu su ne suke rage ɓeraye, kuma a ƙasashe da yawa doka ta hana kashe su. In ɓera ya yi yawa a ɗana masa tarko cikin akwati mai 'yar ƙofa, inda kaza da hannun yaro ba za su kai ba. Haka nan in wani ya ba ku shawarar jona wa shinge wutar gida, kada ku saurare shi, wannan yana kashe mutum. Shingen lantarki na kiwo da na'urarsa ta musamman yake aiki, wadda ke aiko da bugu gajere kamar sau ɗaya a daƙiƙa, ya razana dabba ya sake ta. Ga kaji takwas a bayan gida ba ki ma buƙatarsa.

In nauyin aikin ne ya sa maigida yake maganar sayarwa, akwai tsaka-tsaki. Kowace kaza tana buƙatar kamar murabba'in mita 1 a filin yini, da kamar sulusin haka a ɗakin kwana. Kaji takwas ke nan fili mai mita 2 da mita 4 ya ishe su. Ƙaramin wuri da aka tsare ta ko'ina ya fi babban da aka kewaye sama-sama. In ya kama a sayar da biyu a sayi raga da kuɗin, ban ga aibu ba. A fara da akurki yau ɗin nan, ko da wucin gadi ne: a cike ramin da duwatsu, in ma ƙofar ba ta da tabbas a kwasa su a kai su wani ɗaki mai rufuwa su kwana, domin dabbar da ta ci ta ƙoshi tana dawowa. Cikin mako a yi gindin shinge, rufi ya biyo baya.

Ki duba sauran kajin ɗaya bayan ɗaya, ki ɗaga fiffike ki buɗa gashi, saboda cizo yana ɓuya. Wadda ta ji rauni a wanke mata da ruwa mai tsabta da ɗan gishiri, a ware ta, domin kaji in suka ga jini sai su yi ta saran wurin. Rauni mai zurfi a kai wa likitan dabbobi. Kada ki damu in ƙwai ya ja baya na 'yan kwanaki ko makonni, firgita tana sa haka. Amma in kika fara tarar da kaji a mace ba cizo ba jini, ko suna gyangyaɗi da zawo, wannan cuta ce, a kira likita kuma kada a taɓa gawar da hannu tsirara.

Yarinyar kuwa ki zaunar da ita ki gaya mata a fili cewa ba laifinta ba ne, ragar ce ba ta isa ba, kuma ko babba ne yake kula da su abin da zai faru ke nan. Ki nuna mata ramin ta gani da idonta. Kada ki karɓe mata aikin, hakan zai tabbatar mata da zarginta. Ki bar mata ƙirgar yamma da duba toka da safe, amma rufe sakata babba ya riƙa tabbatarwa, don kada nauyin ya sake komawa kanta. Ki kuma hana ta zura hannu wurin ƙwai ba tare da ta haska ba, tunda muna zaton maciji.

Sabbin kaji kada ki sayo sai an gama aikin, kuma an yi makonni ba a rasa ko ɗaya ba. Bayan haka ki riƙa zagaya shingen sau ɗaya a mako, da kuma bayan kowane ruwa mai ƙarfi, kina jijjiga ragar da hannu kina duba tsatsa da sabon tono, musamman a kusurwoyi da ƙarƙashin ƙofa.

Allah Ya sa albarka a sauran, Ya ba ku sa'ar kiwo.